Ranar da Namadi Dillali Ya Duba Bakin Mutanen Kebbe

Duk wanda ya taɓa sayen sa ko saniya a karar Tambuwal, wato kasuwar shanu, ya san Namadi dillali. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Mutumin Kebbe ne, kuma aikinsa guda: ya cafki dabba a hanci, ya ja leɓenta na ƙasa, ya leƙa haƙora, ya ce wannan shekararta biyu, wannan fuɗu, wannan ta cika baki, waccan kuwa guzuma ce a kai ta mahauta. A nan kam ba a raina shi. Matsalar Namadi ita ce bai tsaya kan bakin shanu ba, sai da ya haɗa da nasa.

Kullum da safe a teburin Almu mai shayi sai an sha labarin haƙoransa.

"Ni tun da anka haife ni, haƙori bai taɓa ce min uffan ba," in ji shi. "Talatin da biyu, dut sojoji. Da su nika buɗe kwalba, da su nika kwance igiyar sa. Ciwon haƙori ai na raggon baki na."

In ya ga wani ya zo riƙe da kunci, to ranar Namadi ya samu abin karyawa. Zai bi shi da tsiya har ya bar shayinsa. Ya ma taɓa faɗa a tsakiyar kara cewa dillalin da nasa bakin ya ruɓe bai da hurumin buɗe na saniya. Bube, taubashinsa ɗan kawunsa, wanda shi ma dillali ne, ya ce a shaida masa wannan magana, wata rana zai neme ta.

Ranar wata kasuwa aka kawo musu farfesun bindin sa. Namadi ya ɗauki ƙashi ya ɗaga sama don kowa ya gani, ya tura shi can cikin baki, ya danna. Aka ji ƙas! Jama'a suka yi tafi, suka ce ƙashi ya fashe. Namadi ya yi murmushi, ya haɗiye abin da ke bakinsa. Shi kaɗai ya san ƙashin yana nan lafiya lau. Turmin haƙorinsa ne ya fashe, na sama, na hagu, wanda shayi mai sukari cokali biyar ya daɗe yana yi wa rami.

Kwana uku kunci ya tashi kamar an ɓoye ƙosai a ciki. Ya cusa kanumfari, ya yi sauƙi na minti goma. Ya cusa taba gari, ya yi ta amai a bayan rumbu. Ya shafa man zafi, ido ya kumbura ya tarar da kuncin. Matarsa Batula ta kama shi tsugune gaban babur yana ƙoƙarin tsiyayo ruwan batir a murfin kwalba.

"Baban Anisa, mi kaka yi?"

"Gyara nika yi."

"Gyaran babur ko gyaran kabari? Aje shi! Tashi ka tafi asibiti Tambuwal."

"Tambuwal? Inda ko akuyar gari ta san ni? In zauna bisa benci riƙe da kunci, Bube shi wuce shi gan ni?"

"To Sakkwato."

"Direban wace mota? Kafin mu kai Shagari labari ya dawo Kebbe."

"To zauna da shi. Ai soja na, ba ya ciwo."

Namadi ya shiga ɗaki ya zaro wani rawani da ya gada, ya naɗa shi har saman hanci. Mutumin da bai taɓa naɗa rawani ba ko ranar aurensa, ga shi cikin zafin bazara ya fito kamar mai zuwa naɗin sarauta. A hanya wata tsohuwa ta durƙusa ta ce Allah gafarta Malam. A teburin Almu kuwa aka fashe da dariya.

"Taubashi, wace unguwa anka ba ka?" in ji Bube.

"Sanyi nika ji."

"Sanyi? Ga kaji can suna haki ƙarƙashin mota."

Allah ya taimake shi, sai ga Attahiru ma'aikacin lafiya ya sauka daga babur yana ƙorafi. Ya ce wata ƙungiyar likitocin haƙori za ta zo daga Sakkwato ranar Asabar, aiki kyauta, amma yini ɗaya tak, kuma kati sittin kawai suka aiko. An ce a tantance, a ba waɗanda suka fi jin jiki.

"Ni kaɗai ne," in ji Attahiru. "Ga shirya tebura, ga ɗaukar suna. Mutum ɗari uku za su zo, har daga Fakku. Wa zai tsaya ya duba bakin kowa?"

Zuciyar Namadi ta buga, turmin ma ya buga. Nan take dabara ta sauko masa cikakkiya. In shi ke rabon kati, zai soke guda cikin rawani. In an gama da kowa, jama'a sun watse, sai ya shiga wurin likita kamar mai kai rahoton aiki, ya rufo ƙofa, a cire masa bala'in nan ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ya buga ƙirji. "Attahiru, kana neman mai duba baki, ga ni zaune? Shekara talatin ina wanga aiki. Baki nawa likitocin nan sunka buɗe a rayuwarsu? Ni na buɗe dubu arba'in, kuma nawa marasa lafiyar har harbi sukai."

Attahiru ya dubi mutanen teburin ɗaya bayan ɗaya. Bai da wani. Ya miƙa masa katin.

Ranar Asabar tun hantsi filin makaranta ya cika. An mai da aji guda ɗakin likita, Namadi ya kafa kujera a bakin ƙofa, rawani ya sha sabon naɗi, kati guda na kwance a cikinsa daidai saman kunne. Ya naɗe hannun riga.

"Layi! Maza nan, mata nan. Wanda yat ture wani in kore shi daga garke!"

Na farko Malam Haliru ne, wani ma'aikacin ofis mai rina gemu. Namadi ya cafke shi a hanci, ya ja leɓen ƙasa, ya leƙa.

"Saba'in ba ɗaya."

"Mi?"

"Shekarunka. Sittin da tara."

Malam Haliru ya waiga hagu da dama. "Kai Namadi, rage murya. Takardata arba'in da takwas ta ce."

"Takarda tana tauna tuwo? Ga su nan sun cinye har gindi. In da kara ce, ko mahauci sai ya yi tunani."

Daga can baya wani ya ɗaga murya ya ce ashe shi ya sa Malam Haliru ya san labarin zuwan mota ta farko Kebbe. Malam Haliru ya tuna ogansa na cikin layi, ya saki maganar kati, ya bi ta bayan aji da sauri irin na ɗan arba'in da takwas.

Sai maciya goro suka biyo. Namadi na jan leɓe ya ga haƙoran ƙasa ja wur, sai ya girgiza kai. "Innalillahi. Wanga baki ya mutu. Karɓi kati." Mutum ya ce shi fa ba abin da ke masa ciwo, rakiya ya yi. Namadi ya ce ciwon ne bai iso ba tukuna, yana hanya. Kafin a jima duk wani mai jan baki a Kebbe ya samu kati, har da mai sayar da goron.

Can sai ga wani dogon mutum daga Fakku, Dogo ake ce masa, an ɗauko shi a babur an ɗaure masa kai da ƙyalle. Kuncinsa ya yi tulu, ido ɗaya ya rufe, yawu na zuba. Namadi ya ja leɓen ƙasa. Haƙora farare tas, a jere kamar farar shinkafa.

"Masha Allahu! Kun ga baki? Wanga ko yau anka kai shi kara, ba a taya shi da wasa. Lafiyarka lau. Wuce."

"Mmmm," in ji Dogo, yana nuna can ciki da yatsa.

"Ba ni son gardama."

Wanda ya kawo shi ya ce, "Haba Namadi, kwana shida bai ci ba, bai yi barci ba. Dubi kuncinsa."

"Ƙiba ta. Mu ba mu duba kunci. Na gaba!"

Haka aka yi ta yi. Mai dasashi na zubar da jini, in haƙoran gabansa na ƙasa farare ne, a kore shi. Mai kogon da ƙwayar gero ke ɓacewa a ciki, a kore shi. Waɗanda aka kora suka taru a gindin dalbejiya, kowa riƙe da kunci, suna nishi bi da bi kamar masu amshi. Shi kansa Namadi turminsa na sara kamar ana daka a cikin kunnensa, amma duk saran da ya yi sai ya huce a kan na gaba.

Aka zo kan Inna Hamdiya, tsohuwar da ke sayar da daddawa. Ya kai hannu zai kama hancinta, ta buge hannun.

"Kai ɗan nan, ni na yi wa uwarka wankan jego. Hancin wa za ka kama?"

"Aiki na, Inna. Buɗe."

Ya ja leɓen ƙasa. Ba komai, sai dasashi sumul.

"Inna, mi kika nema nan? Ba ki da haƙori ko ɗaya. Wanda babu shi ba ya ciwo. Guzuma ta gama aiki, a bar ta ta huta."

"Wa ag guzuma?"

"Misali na yi."

"Sa yatsa can sama, daga ciki, ka ji misali."

Namadi ya tura yatsa don ya nuna wa jama'a gaskiyarsa. Ashe Inna Hamdiya na da turame uku a can ƙurya, biyu sama ɗaya ƙasa, kuma shekara ashirin suna jiran irin wannan rana. Ta datse. Namadi ya yi wata ƙara ta cikin rawani, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, tsohuwa na biye da shi ba ta saki ba. Sai da mata uku suka roƙe ta da girman Allah.

Wannan ihun ne ya fito da likita. Dakta Khairat, 'yar gajeruwa mai tabarau, ta fito da safar hannu tana duban fili.

"Wai wa yake raba katin nan? Mutum ashirin na gani, ba mai ciwo ko ɗaya. Tun safe wankin goro nake yi. Wani ma cewa ya yi in yi sauri, ya bar rumfarsa ba kowa." Sai idonta ya kai gindin dalbejiya. "Su waɗancan fa?"

"Masu lafiya na, Likita," in ji Namadi, yana yarfe yatsa. "Na duba su da kaina."

Ta je ta kwance ƙyallen Dogo, ta ce ya buɗe, ta haska da 'yar tocila. Ta ɗago a fusace.

"Wannan kumburin ya tara ruwa. Da ya ƙara kwana biyu, sai an kwantar da shi a asibiti. Malam, nuna min yadda kake dubawa."

Namadi ya ji daɗi. Ya jawo wani saurayi, ya cafki hanci, ya ja leɓen ƙasa, ya leƙa, ya sake shi, har da ɗan marin kafaɗa. "Shi ke nan. Daƙiƙa biyu."

"Na sama fa?"

"Na sama?"

"Haƙoran sama. Da turame na ciki."

Namadi ya gyara zaman rawaninsa. Bube, wanda tun safe yake zaune a kan katanga yana cin gyaɗa, ya sauko yana share hawayen dariya.

"Likita, ki yi mai uzuri. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi na kawai. Mu dillalai leɓen ƙasa muka ja, nan shekaru suke. Shekara talatin taubashina bai taɓa ɗaga leɓen sama ba. Bai san akwai mutane a can ba."

Fili ya ɗauka. Har na gindin dalbejiya suka yi dariya, suna yi suna cewa wayyo.

Dakta Khairat ta ce a tattaro katin duka, da na hannun maciya goro, a sake rabo. Ita da Attahiru suka bi layi, ana buɗe baki sosai, ana haskawa sama da ƙasa. Tana yi tana faɗa: a rage sukari, a riƙa goge baki safe da dare, ko da buroshi ko da asuwaki, a bi har na ciki, a daina buɗe kwalba da haƙori, kuma duk wanda ya ɗiga ruwan batir a bakinsa kada ya ce ba a gaya masa ba. Ta bar Dogo a zaune a inuwa don shi za ta fara shiga da shi. Da aka zo ba shi nasa, kati ya ƙare.

"Hamsin da tara," in ji Attahiru. "Sittin na ba ka, Namadi."

"Iska," in ji Namadi. "Ɗazu an yi wata iska."

Gumi na bin rawani yana ɗiga. Ya lissafa a ransa: in ya yi shiru, ai likita ba za ta bar Dogo ba, da kati ko babu. Shi dai ya daure har la'asar.

Sai Bube ya matso da fuskar tausayi, riƙe da ledar ruwa da ya saya wurin mai sayar da ruwan sanyi, ta yi ƙanƙara har tana hayaƙi.

"Taubashi, tun safe kana tsaye cikin rana kana yi wa jama'a hidima. Jiƙa maƙoshi."

"Na ƙoshi."

"Ruwa aka ƙoshi da shi? Ko dai sojojin nan talatin da biyu sanyi suka tsoro?"

Ido ɗari uku na kansa. Namadi ya karɓa. Ya sassauta rawani kaɗan daga dama, ya ciji kusurwar leda, ya yi niyyar ya bi da ruwan ta dama a hankali. Bube ya ce bari in taimaka maka, ya matse ledar.

Ruwan ƙanƙara ya tafi kai tsaye ya gaida turmin hagu.

Waɗanda suka ga abin sun ce Namadi ya tashi sama har ana ganin ƙasan takalminsa. Ya sauko yana juyi, yana kiran sunan uwarsa da ta rasu tun zamanin da. Gefen rawani ya maƙale a ƙusar ƙofa, yana juyawa yana warwarewa, yana juyawa yana warwarewa, har ya tsaya kai ba komai. Ga kunci kamar ɗan tulu. Ga kati ya faɗo, ya yi lilo, ya sauka a gaban Dogo.

Daga layin mata, inda ta rako maƙwabciyarta, Batula ta ce, "Iskar ta dawo da shi."

Almu mai shayi ya zauna a ƙasa don dariya. Inna Hamdiya ta ce a matsa mata ta ga raggon baki. Bube ya ɗaga hannu ya ce jama'a, maganar da ya ba su ajiya a kara, yau yana son abinsa.

Dakta Khairat ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki katin ta miƙa wa Dogo. Sannan ta zo gaban Namadi, ta yi ɗage, ta cafke shi a hanci, ta ja leɓen ƙasa, ta leƙa.

"Masha Allahu. Farare tas. Lafiyarka lau, Malam. Wuce."

"Likita..."

"Ba na son gardama. Na gaba!"

"Likita, kuncin..."

"Ƙiba ce," in ji mutanen gindin dalbejiya baki ɗaya.

Namadi ya dubi Bube, ya dubi Batula, ya dubi ƙofar aji. Turmi ya sake sara. Sai ga dillalin dillalai a durƙushe, ya kama leɓensa na sama da hannu biyu ya ɗage shi har hanci.

"Na sama na, Likita! Can ciki, hagu! Kwana tara! Don girman Allah ki duba sama!"

"Ku kun ji?" in ji Bube. "A maimaita don na Fakku, suna baya."

Likita ta ce kati ya ƙare, amma in an gama da mutum sittin, allurar kashe zafi ta rage, za ta gani. Namadi ya koma gindin dalbejiya, shi kaɗai, riƙe da kunci. Duk wanda ya fito daga aji, an cike masa kogo ko an cire masa, sai ya biyo ta gabansa ya ja nasa leɓen ƙasa ya nuna masa, ya wuce.

Sai bayan la'asar aka kira shi. Ba wanda ya tafi gida. Tagogin aji suka cika da kawuna. Turmin ya riga ya rabe biyu, ba zai karɓi ciko ba, aka yi masa allura aka cire shi. Allurar na kama shi, zafi ya ɗauke, sai Namadi ya ji ransa ya dawo. Ya hango haƙorin a faranti, ya miƙe zaune.

"Kun ga saiwa? Uku! Likita, faɗa musu gaskiya, kin taɓa cire irin wanga? Ko da ya lalace, wani raggon da tuni ya..."

Dakta Khairat ta cusa masa dunƙulen auduga, ta haɗe masa muƙamuƙi da hannunta.

"Cije. Ba magana, ba tofar da yawu, har awa ɗaya. In ka buɗe baki jini zai ɓalle."

Namadi ya fito yana zare ido, maganganu cike da ciki ba hanyar fita. Almu ya tambaye shi ko gobe a sa sukari biyar kamar kullum. Shiru. Inna Hamdiya ta tambaye shi ita da shi yanzu wa ya fi kusa da mahauta. Shiru. Tsofaffin Kebbe suka ce rabon da garin ya yi tsit haka tun kafin Namadi ya koyi magana.

Bube ya cire hula, ya leƙa ta taga cikin ladabi.

"Likita, don Allah tambaya gare ni. Audugar nan, ana samunta a kasuwa?"

Kafin likita ta amsa, Batula ta matso. "In ana samu, Bube, ka sayo da yawa. Saura talatin da ɗaya."